Amshi Ma Tsari Ne: Amsa Ga Ɗalibar Da Ke Son Nazarin Begen Gidansu

Wata ɗaliba 'yar Gadarif a gabashin Sudan, wadda kakanninta mutanen Mai Wurno ne, ta aiko mini da tambaya. Tana shirin digiri na biyu, kuma tana son ta yi bincikenta a kan begen Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, irin wanda ake rerawa a taro, jagora na ja jama'a na amsawa. Malamin da ke duba aikinta ya ce sai ta rubuta raujin da nota, wato alamomin rubuta sautin waƙa na Turawa, ta gwada shi da waƙar mawaƙan coci, in ba haka ba aikin bai zama ilimi ba. Kawunta kuma, muƙaddami ne a unguwarsu, ya ce kada ta kuskura ta kira abin da suke yi musiƙa. Ta rufe da cewa: "Baba, tsakanin mutum biyun nan ina zan sa ƙafa? Kuma da gaske akwai wani tsari a cikin amshin da mahaifiyata da ƙawayenta suke yi, ko maimaici ne kawai?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Da kawunki zan fara, domin ɗakinsa za ki shiga.

Kalmar musiƙa a kunnen mutanenmu, nan Sudan da can gida, tana tafe da kayanta: filin biki, da liƙi, da hira har asuba. Dattijon da ya yi shekara arba'in yana zama da Ishiriniya bayan isha'i bai taɓa lissafa kansa a wannan sahu ba. In kin tambaye shi zai ce karatu yake yi, ko yabo, ko bege. Ki kasa kunne ga yadda suke magana: ana karanta Ishiriniya, ana jan zikiri, ana rera ƙasida, ana buga bandiri. Babu wanda ya zaunar da su ya raba musu waɗannan kalmomi, amma ba sa ruɗa su. Wannan rabe-raben shi ne babi na farko a kundinki, tun kafin ki taɓa na'urar ɗaukar sauti. Masana a waje ma sun yi karo da wannan katanga. Lois Ibsen al-Faruqi, Musulma Ba'amurkiya da ta yi rubutu mai yawa a wannan fanni, ta ga kalmar Turawa ba ta ɗaukar abin da Musulmi ke yi da murya, sai ta kawo kalmar "handasatus saut", wato fasahar tsara sauti. Ta jera abubuwan kamar matakala: karatun Alƙur'ani a can sama, shi kaɗai, sai kiran salla da talbiyya da yabon Annabi, sai waƙoƙin biki da na aiki, har zuwa abin da malamai suka yi saɓani a kansa da wanda suka haɗu a kan ƙinsa. Ba sai kin ari kalmarta ba. Hausa na da nata. Ki rubuta "bege" inda suka ce bege, ki bayyana wa mai karatu abin da ake nufi, shi ke nan kin gama da kawunki lafiya, kuma ba ki tauye ilimi da ko ƙwayar zarra ba. Alƙur'ani kuwa ki bar shi a waje da wannan bincike gaba ɗaya. Yana da nasa ilimin, tajwidi, da nasa ladubban.

Batun halacci ba aikinki ba ne ki yanke. Ki kawo shi a matsayin tarihi: Imam Gazali ya ware babi guda a Ihya'u kan ladubban sauraro da wajdi, Ibn Hazm ya sassauta, Ibn Taimiyya ya tsananta, Shehu Usmanu da malaman jihadi sun yi rubutu a kan ganga da kayan busa, wanda Bajamushe Veit Erlmann ya tattara ya yi nazari a littafinsa na 1986. Shafi uku ko huɗu sun isa. Ɗalibai da yawa a nan suke nutsewa, su cinye rabin kundi suna jayayya da mutanen da ba za su karanta shi ba.

Yanzu ga tambayarki ta gaskiya, wadda ta fi taɓa ni: ko akwai tsari a amshi.

Akwai, kuma tsohon tsari ne. A shekara ta 5 bayan hijira, lokacin haƙa gwalalo a Madina, Muhajirai da Ansar suna ɗaukar ƙasa suna rera baiti a karin rajaz, suna cewa su ne waɗanda suka yi wa Muhammadu mubaya'a, Manzon Allah yana amsa musu da addu'a a gare su. Yana cikin Buhari. Ja da amsawa ke nan, murya ɗaya gaban muryoyi da yawa. Abin da ya ruɗa malaminki shi ne ya saba da tsari iri ɗaya tak. A waƙar cocin Turai, mutum guda ne yake zama ya rubuta wa muryoyi huɗu hanyoyi huɗu daban, biyu na sama biyu na ƙasa, su tafi tare suna haɗuwa suna rabuwa. Daɗin yana cikin yadda sautuka daban-daban ke hawa kan juna a lokaci guda, kuma takarda ce ke riƙe da shi. Rubutun notar ma a coci aka haife shi: Guido, wani malamin coci ɗan garin Arezzo a Italiya, shi ya daidaita rubutu a kan layuka a ƙarni na 11 don yara su koyi waƙar ibada ba tare da sun shekara goma suna hadda ba. Kayan aiki ne mai kyau ƙwarai, an ƙera shi don wata irin waƙa.

Namu ginin a tsaye yake a kan lokaci da numfashi. Hanya ɗaya ce, maƙogwaro da yawa ke bin ta, kowanne da 'yar lanƙwasarsa. Tsohuwa ta ja wasali ta daɗe, yarinya ta yanke da wuri, wata ta ɗauka daga sama, abin da Larabawa ke kira jawabi, sauran suna ƙasa a ƙarari. Wanda bai sani ba zai ce ba su daidaita ba. Wanda ya tashi a ciki ya san in suka daidaita tsaf kamar sojoji, abin ya mutu. Sannan akwai wurin da jagora ke shiga. Wannan shi ne abin da na fi so ki sa wa ido, kuma a jikina na koye shi. Shekarun baya na zauna makonni da wani dattijo a wani ƙauye na Jazira, na rubuta raujin da yake jan wata ƙasida da shi, harafi bayan harafi, na koma na rera masa daga takarda. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ɗana, baitin ya yi daidai, amma babu bege a ciki." Na koma kan kaset na yi ta juyawa, sai a karo na barkatai kunnena ya kama: ba ya jiran 'yan amshi su gama. Suna kan gaɓar ƙarshe yake faɗowa da sabon baiti, muryarsa ta hau kan tasu, ta yadda babu wani gurbi na shiru tun daga farkon zama har ƙarshensa. Takardata ta jera su ɗaya bayan ɗaya, kamar masu layin ɗiban ruwa. Shi kuwa sarƙa yake ƙullawa. In shauƙi ya ƙaru yakan ƙara shigowa da wuri, in yana so jama'a su huce sai ya ja baya. Da wannan ɗan taƙi, wanda bai kai ƙiftawar ido biyu ba, yake tuƙa mutum hamsin.

Ki je ki ji irin wannan a zikiri, inda ya fi fitowa fili. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin ƙubbar Shehu Hamad al-Nil a Umdurman ranar Juma'a tsakanin la'asar da magariba ya san abin da nake faɗa: halƙa na maimaita kalmar shahada a ƙasa, ba ta canzawa, gangar nuba na riƙe da ita, a samansu kuma masu madihu, wato begen Sudan, na tafe da baitoci masu canzawa. Hawa biyu ke nan a lokaci guda. Da tafiya ta yi tafiya sai kalmar ta gajarce ta koma sunan Allah kaɗai, bugun ya ƙara sauri, muryoyin su ɗaga sama kaɗan-kaɗan ba tare da wani ya ba da umarni da baki ba, daga ƙarshe ta koma kusan numfashi zalla, sannan shehu ya sauke. Wannan hawa da sauka shi ne ginin, kuma tsawonsa awa guda ne ko fiye. Shi ya sa mai binciken da ya ɗauki minti uku "mafi daɗi" ya tafi, ya ɗauko tubali ɗaya ne ya ce ga gida. Ko wazifar Tijjaniyya, wadda babu ganga a cikinta, tana da wannan: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12, kuma kowane sashe da nauyin muryarsa da saurinsa. Ki auna yadda hailala ke farawa da yadda take ƙarewa a zawiyar kawunki, za ki ga ba gudu ɗaya ba ne.

Regula Qureshi ta yi irin wannan aiki a kan ƙawwali, waƙar Sufayen Indiya da Pakistan, littafinta ya fito a 1986. Ta ɗauki zaman gaba ɗaya a bidiyo, ta jera abin da mai rerawa ya yi gefe da gefe da abin da masu sauraro suka yi a daidai wannan lokaci: wane ya ɗaga hannu, wane ya fashe da kuka, sai mawaƙin ya maimaita wane ɗango sau nawa. Ta nuna cewa masu sauraro suna cikin masu tsara waƙar. Michael Frishkopf ya bi zikirin ɗariƙun Masar da irin wannan ido. Ki karanta su don ki ga yadda ake ɗaure aiki, amma kalmomin da za ki yi aiki da su suna kusa da ke. Masana waƙar baka na Hausa, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun daɗe da daidaita mana gindin waƙa, da ɗiya, da rauji, da jagora, da amshi da ire-irensa. Masu madihun Sudan kuma suna da nasu: 'yan amshi su ne shayyalin, masu ɗauka, baitin buɗewa da ake komawa gare shi asaya suke ce masa, wato sanda, abin dogarawa, bugun ɗar, wato bandirinsu, yana da sunaye, murabba'i da makhbut da daƙlashi da harbi. Ki dubi hikimar: mu mun ce gindi, su sun ce sanda. Dukkanmu mun ga cewa abin da ake maimaitawa shi ke ɗauke da nauyin waƙar.

A nan ne kike da abin da ɗalibin Kano ba shi da shi, ɗalibin Khartum ma ba shi da shi. Ke 'yar gida biyu ce. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a gabas har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Kafin su da bayansu mahajjata ba su daina ratsa wannan ƙasa a ƙafa ba, kuma da aka gama madatsar Sinnar a 1925 gonakin audugar Jazira suka tsayar da dubbai. Mark Duffield ya rubuta littafi a kan Mai Wurno a 1981, Bawa Yamba ya rubuta a kan mahajjatan da suka zama mazauna a 1995, Farfesa Al-Amin Abu-Manga ya nuna a 1999 yadda Hausar Sudan ke sajewa da Larabci a furuci da kalmomi. Mutanen nan ba da tabarma da buta kaɗai suka zo ba. Sun zo da Ishiriniya da Burda da Dala'ilu a ka, da raujin da suka koya a Sakkwato da Katsina da Haɗeja da Damagaram. Suka tarar da ƙasa mai nata madihu: na Hajj al-Mahi na Kasinjar a ƙarni na 19, wanda zuriyarsa suka ci gaba da rerawa, maulidin Sayyid Muhammad Usman al-Mirgani da Khatmiyya ke karantawa, daga baya ƙasidun Shehu Abdurrahim al-Bur'i na Zariba, wanda ya rasu a 2005, da suka shiga kowace mota da kowane shago. Shekara ɗari da ashirin ke nan kunne ɗaya na jin biyun. Hanyar ma ba gabas kaɗai take yi ba: Shehu Nasiru Kabara, wanda ya yaɗa bandiri a Ƙadiriyyar Kano, yana da ijazar Sammaniyya daga gidan Shehu Ƙaribullah na Umdurman.

To ga bincikenki, a ganina, kuma ba na so ki faɗaɗa shi fiye da haka. Ki ɗauki matani ɗaya, ki bi shi a bakin tsara uku. Ishiriniya ta fi dacewa, domin matanin a kafe yake: Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, ya yi baiti ashirin ga kowane harafi, haruffa 29, baiti 580 ke nan, a karin ɗawil, Ibn Mahib ya yi mata tahamisi. Tunda kalmomin ba sa motsi, duk bambancin da kika ji daga murya yake. Ki ɗauki harafi ɗaya, ki ji shi a bakin kakarki ko sa'arta, a bakin mahaifiyarki, a bakin ƙannenki da suka tashi da rediyon Kausar da wayar hannu. A wace gaɓa ake ja? A ina ake numfashi? Amshin da ake sakawa tsakanin baitoci na Hausa ne ko na Larabcin Sudan? Ɗar ya shigo, ko tafi ne, ko murya zalla? Kuma kowa kika zauna da shi ki yi masa tambayar nan: wa ya koya miki wannan rauji, shi kuma a wurin wa ya ji? Mutanenmu sun san silsila a ɗariƙa da isnadi a karatu, tambayar ba za ta zama baƙuwa ba. Za ki iske rauji ma yana da salsala, wani a ce na mutanen gari kaza ne, wani a ce malam wane ne ya zo da shi daga hajji.

In kin juya ga begen da aka yi da Hausa, aikin ya ƙara zaƙi, domin harsuna biyun ba nauyi ɗaya suke ɗora wa mai rerawa ba. Abin da ya sa arulin Larabci ya zauna wa Hausa daram shi ne dukkansu suna bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi: "da" ba ɗaya take da "daa" ko "dan" ba. Shi ya sa Nana Asma'u da Isa ɗan Shehu da waɗanda suka biyo su suka iya zuba Hausa a ɗawil da basiɗ da kamil ba tare da sun karya ta ba. Mervyn Hiskett ya bi tarihin wannan a littafinsa na 1975, sannan Bruce Hayes da Russell Schuh sun fitar da dogon nazari a 2019 kan yadda Bahaushe ke rera rajaz, yadda yake raba gaɓoɓi a kan bugu. Amma Hausa tana da abin da Larabci ba shi da shi, wato karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya harufansu ɗaya, tsawon wasalinsu ɗaya. Na farko murya na tsayawa sama, ta biyu tana faɗowa a ƙarshe. To in sha'iri ya ce yana kukan begen Ɗaha, raujin da ya aro kuma yana gangarowa a daidai wannan wuri, wanne zai bi, harshe ko rauji? Gwanaye suna da dabarunsu: wani ya sauya jerin kalmomi, wani ya lanƙwasa raujin, wani ya bar ma'anar jimla ta tsare shi. Ki ƙirga. Ki ɗauki ɗango ɗari, ki duba sau nawa murya ta hau inda karin magana ya hau, sau nawa ta saɓa. Sannan ki gwada wanda aka haifa a Kano da wanda aka haifa a Kasala, wanda Larabci ya riga Hausa zama a bakinsa. Wannan kaɗai ya isa babi mai nauyi.

A daidai nan ne shawarar malaminki ta gwada da coci take da amfani, ko da yake ba ta fuskar da yake nufi ba. Kiristocin Afirka sun sha wannan wahala kafin kowa ya rubuta ta. Da mishan suka fassara waƙoƙinsu zuwa Yarbanci da Ibo da Hausa suka bar raujin Turai yadda yake, kalmomi suka riƙa juyewa suna ba da wata ma'ana. Wannan ne ya sa irin su T. K. E. Phillips a Legas, da Ephraim Amu a Gana, da Laz Ekwueme daga baya, suka tsaya a kan cewa dole rauji ya bi karin harshe, har suka gina hanyar tsara waƙar muryoyi da yawa a kan wannan ƙa'ida. Matan zumunta a cocin arewacin Nijeriya kuwa ba su jira masana ba, suka koma ga ja da amshi da tulu da kacau-kacau, irin na gida. Akwai kuma darasin Kibɗawa, Kiristocin Masar, waɗanda ke da coci a Khartum da Umdurman. Waƙar ibadarsu da baki aka riƙa miƙa ta ƙarni bayan ƙarni, galibi ta hannun makafin malamai. Ragheb Moftah ya kawo Baturen Ingila Ernest Newlandsmith, suka shafe 1927 zuwa 1936 suna rubuta ta da nota daga bakin Mu'allim Mikha'il al-Batanuni. Aikin ya yi amfani, amma abin da ya fi tsare waƙar daga baya shi ne muryoyin da Moftah ya ɗauka a faifai da ɗaliban da ya zaunar gaban malamai. Ki faɗa wa malaminki wannan da ladabi. Zai gane, domin daga cikin fanninsa misalin ya fito.

Notar kanta kada ki ƙi ta. Ki rubuta ƙashin raujin da ita don mai karatu ya sami abin riƙewa, ki faɗa a fili cewa zane ne. Inda take gazawa sai ki sa awo. Tsakanin sauti da jawabinsa ana raba shi kashi 1200, ana kiran kowane kashi senti, tsarin da Alexander Ellis ya kawo a shekarun 1880. Makullan piyano tazarar 100-100 ne. Raujin tsakiyar Sudan, da mafi yawan na ƙasar Hausa, a kan sautuka biyar yake tafiya, matakansa wajen 200 da wajen 300, kuma ina ganin wannan na cikin abin da ya sa kunnen kakanninki bai yi baƙunta a nan ba. Maƙaman Masar da Hijaz kuwa, wato jerin sautukan da raujinsu ke tafiya a kai, sautuka bakwai ne, wasunsu kamar bayati suna da mataki wajen 150, wanda piyano ba shi da makullinsa. Saboda haka in ƙaninki ya koyi nashidi daga waya ya dawo yana jan Ishiriniya, awo zai nuna miki ko bayati ya fara kutsowa cikin biyar ɗin kakarsa. Manhajar Praat kyauta ce, tana zana miki hawa da saukar murya. ELAN kuma tana ba ki damar jera matani da fassara da motsin jama'a a ƙarƙashin bidiyo, layi-layi. Amma Praat murya ɗaya take iya bi da kyau. Don haka ki yi ɗauka biyu: ɗaya ta taron yadda yake, da na'ura kusa da jagora da wata a tsakiyar 'yan amshi, ɗaya kuma ke da mai rerawa kaɗai a ɗaki washegari. Ki tafa hannu sau ɗaya a farkon ɗauka don ki iya daidaita na'urorin biyu daga baya.

Akwai wani abu a matani da nake so ki duba, ko da a gefe ne. Madihar Sudan ta gargajiya tana da hanyar da take bi: a buɗe da salati ko roƙo, a shiga siffofin Annabi da mu'ujizozinsa, a gaida sahabbai, sannan kusa da ƙarshe sai walƙiya ta haska daga wajen Hijaz ta tayar wa mawaƙi da ciwonsa, ya ambaci sunansa, ya rufe da salati mai yawan adadi. Marubutan waƙoƙinmu na ajami su ma suna buɗewa da sunan Allah da salati, su rufe da sunan mai waƙa, wani lokaci da ramzin shekara. Shehu Usmanu kansa ya yi ƙasidar Larabci yana tambayar ko zai sami hanyar zuwa Ɗaiba, wato Madina, kuma bai samu zuwa ba har ya koma ga Allah a 1817. Jikokin jama'arsa su ne suka taso suka yi rabin hanyar suka zauna. In kin sami waƙar bege da Bahaushen Sudan ya yi, ki duba ko walƙiyar nan ta shigo cikinta, ki duba kuma yadda yake maganar Madina: kamar wuri mai nisa, ko kamar wurin da teku ɗaya ya rage.

Maganar ladabi ba sai na tsawaita miki ba, 'yar gida ce ke. Izinin shehu ko uwar majalisi kafin na'ura ta fito. Muryar mata ba ta hawa intanet sai da yardarsu da ta gidajensu, kuma in sun ce a ji a ɗakin karatu kaɗai, to haka za a yi. Akwai wuridin da ba a ɗauka. In an ce ki kashe, ki kashe. Duk abin da kika ɗauka ki mayar musu da kwafi, ki kunna musu su ji, ki rubuta abin da suka ce. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, sharhinta ma haka; a irin wannan zama ne wata za ta ce "a nan wance ta yi gaggawa", ki sami ƙa'idar da babu littafin da zai ba ki.

Kuma ki yi sauri, 'yata. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, jama'ar Khartum da Jazira da Sinnar sun watsu, majalisun da suka shekara hamsin suna zama a tabarma ɗaya suka rabu, rabi suka koma Gadarif, rabi Kasala ko Bur Sudan, wasu suka tsallaka iyaka. Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya ta Jami'ar Khartum ta shafe shekaru tana tara kaset na waƙoƙin gargajiya da madihu, kuma yaƙin ya nuna mana hatsarin ajiye komai a gini ɗaya. Duk abin da kika ɗauka ki ajiye shi wuri uku, ɗaya a wajen ƙasar, kowane fayil da kwanan wata da gari da sunan ƙasida da adadin waɗanda suka zauna. Hijirar nan da kanta ta haɗa muku tsofaffin garuruwa daban-daban a unguwa ɗaya a Gadarif, waɗanda a da sai kin yi tafiyar kwanaki kafin ki ji su.

Ki fara da mahaifiyarki a daren Alhamis mai zuwa. Ki kunna na'ura tun ana shimfiɗa tabarma, tun ana gasa fatar ɗar a bakin garwashi, kada ki kashe sai an shafa fatiha an fara raba shayi. In kin gama ki turo mini harafi ɗaya, mu saurara tare, mu ga a kan wace gaɓa take shigowa.